Jijiyar jini ta toshe farat ɗaya: tambayoyin da 'yan'uwa ke ta yi mana a imajansi

Assalamu alaikum. Na jima ina aikin jinya a ɓangaren imajansi, kuma tambayoyin nan babu satin da zai wuce ban amsa su ba, wani a bakin gadon mara lafiya, wani a waya ƙarfe biyun dare, wani a WhatsApp bayan komai ya riga ya wuce. Shi ne na ce bari in tara su waje ɗaya yadda mutane ke yin su, ko Allah zai sa wani ya karanta tun kafin ranar ta zo masa.

Wai mene ne toshewar jijiyar jini? Ba shi ne ciwon jijiyar da muka sani ba?

A'a, kuma nan ne ruɗanin yake farawa, don mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita ga abubuwa da yawa. Wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya muke ce mata, wadda ke kai saƙon ji da motsi ita ma jijiya, wadda jini ke bi a ciki ita ma jijiya. Ta jinin ma iri biyu ce, akwai mai mayar da jini zuwa zuciya (ita ce kake gani kore-kore a bayan hannu, inda ake sa ƙarin ruwa), sannan akwai mai ɗauko jini daga zuciya ta kai wa gaɓoɓi, wadda in ka ɗora yatsa a wuyan hannunka zaka ji tana harbawa. To wannan mai harbawar ita muke magana a kai.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da ke faruwa in tiyon injin ban ruwa ya toshe, kwamin da ke gaba da toshewar shi zai fara yaushi, in an buɗe da wuri ya farfaɗo, in an bari sai ya ƙone ko da ruwan ya dawo daga baya. Haka naman jiki yake. Gudan jini ya tsaya a hanya, abin da ke gabansa ya rasa iskar da jini ke kai masa, ya fara mutuwa kaɗan-kaɗan tun daga mintin farko.

A wane ɓangare na jiki take toshewa?

Ko'ina, amma waɗanda muka fi gani uku ne. In ta ƙwaƙwalwa ce shi ne shanyewar ɓarin jiki. In ta zuciya ce shi ne bugun zuciyar da ake cewa ya kama wane yana zaune ƙalau. In ta ƙafa ce ko hannu sai ƙafar ta ɗau ciwo ta yi sanyi ƙarara lokaci guda. Akwai kuma ta hanji da ta ido, na yi bayaninsu a ƙasa wajen tambayar abin da ya zo ya tafi. Abin da ya haɗa su duka shi ne farat ɗaya suke zuwa, mutum zai iya gaya maka "muna cikin sallar la'asar abin ya same ni".

Babanmu bakinsa ya karkace, hannunsa ɗaya ya saki, maganarsa ba ta fita. Me za mu yi yanzu-yanzu?

Duba agogo tukuna. Wallahi da gaske nake, kafin kuka, kafin kiran yayanku na Abuja, wani ya duba ƙarfe nawa ne ya riƙe, domin ita ce tambayar farko da likita zai yi kuma maganin da za'a iya ba shi a kanta ya rataya. In barci ya tashi da shi, to lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe shi ake lissafawa, misali bayan sallar isha'i.

Sai a kwantar da shi a gefensa saboda amai ko yawu kar su bi hanyar numfashi, a sassauta masa wuyan riga, kar a ba shi komai ta baki, ko ruwa, ko kunu, ko zuma, ko ƙwayar magani, saboda da yawansu haɗiyarsu ta lalace ba'a sani ba, abin da aka ɗura sai ya gangara huhu ya zama nimoniya, kuma mun rasa mutane da dama ta wannan hanyar bayan shanyewar kanta ba ta kashe su ba. In yana da ciwon suga kuma akwai abin gwaji a gida a gwada nan take, don suga in ya faɗi ƙasa sosai yana kwaikwayon shanyewar jiki sak. Daga nan sai mota, a kwashi duk magungunan da yake sha a leda a tafi da su, kuma wanda abin ya faru a gabansa shi ya kamata ya bi motar. A Najeriya akwai lambar gaggawa ta 112, a gwada, amma kar a zauna jiranta in akwai motar maƙwabci a ƙofar gida.

Awa nawa muke da su kafin a ce an makara?

Ya danganta da gaɓar. Ƙwaƙwalwa ita ta fi kowa rashin haƙuri, an ƙiyasta cewa in babbar jijiya ce ta toshe ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 duk minti ɗaya. Allurar narkar da gudan jini ana yinta ne cikin awa 4 da rabi daga farawar abin, zaro gudan da waya kuma cikin awa 6, wasu da hoto ya nuna akwai sauran naman da bai mutu ba har zuwa awa 24. Zuciya ana iya buɗe ta har cikin awa 12 amma babbar ribar tana awa biyu zuwa ukun farko. Ƙafa kuwa in toshewar ta cika, bayan kamar awa 6 tsoka ta fara mutuwar da ba ta dawowa.

Amma dan Allah kar wani ya karanta wannan ya ce ai mun kwana, zuwa asibiti ba amfani. Akwai amfani sosai. Ko lokacin allura ya wuce akwai kula da numfashi, suga, zazzaɓi, haɗiya, da hana na biyu zuwa, kuma waɗannan ɗin su ne ke raba wanda zai tashi ya taka da wanda zai kwanta shekaru.

An ce a ba mutum asfirin da zarar abin ya faru, gaskiya ne?

Gaskiya ne ga zuciya, kuskure ne ga shanyewar jiki, kuma ina roƙon a riƙe bambancin nan da kyau. In babban mutum ya kama ƙirji yana gumi kamar yadda na kwatanta a ƙasa a tambayar olsa, a ba shi asfirin 300mg ya tauna, kar ya haɗiye ta ɗungurungum, in kuma ƙananan nan ne na 75mg irin Vasoprin sai ya tauna huɗu. Sai dai in an san asfirin na tayar masa da borin jini ko asma, ko yana aman jini ko baƙin bayan gida, to a bari. Wani babban bincike da aka fitar a 1988 mai suna ISIS-2 shi ya tabbatar cewa ƙwayar nan mai arha tana rage mutuwa a bugun zuciya sosai, tun daga lokacin ta zama abin farko da ake bayarwa.

Shi kuwa mai shanyewar jiki ba'a ba shi sai an yi hoton kai, dalilin yana amsar da ke biye.

Mun kawo shi a guje, maimakon a fara magani sai aka ce mu je hoton CT. Ba ɓata lokaci da kuɗi ba ne?

Na san zafin da ake ji a wannan lokacin, ga kuɗin hoton ba kaɗan ba. Amma shanyewar jiki iri biyu ce da ido ba ya iya rabawa, ko likitan da ya shekara talatin yana aiki ba zai rantse ba. Ɗaya jijiya ce ta toshe, ɗaya jijiya ce ta fashe jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa, alamunsu ɗaya, maganinsu kuwa hannun riga. Wanda tasa ta fashe in ka ba shi maganin tsinka jini ka ƙara masa zubar ne, zai iya mutuwa a hannunka. Kuma a nan yankinmu masu fashewar sun fi yawa in aka kwatanta da Turai, saboda hawan jinin da ba'a kula da shi ba. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya a ciki, ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo shanyewar jiki a cikinmu.

Shi ya sa zaɓen asibitin da za'a nufa yake da muhimmanci. A nufi inda ake da injin CT kai tsaye, galibi manyan asibitocin koyarwa ne irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, a Nijar kuma manyan asibitocin Yamai da Damagaram da Maraɗi. In da wanda kuka sani a can a kira shi tun ana hanya.

Mece ce allurar narkar da gudan jinin, kuma me ya sa ba kowa ake yi wa ba?

Magani ne da ake sawa ta jijiyar hannu ya je ya cinye zaren da ya ɗaure gudan. Wanda aka fi sani a shanyewar jiki sunansa alteplase, an amince da shi a Amurka a 1996, yanzu kuma akwai tenecteplase da ake turawa sau ɗaya. In ya yi aiki abin mamaki ne, mutumin da ya zo ba ya ɗaga hannu sai ka ga washegari yana riƙe kofi da kansa. Matsalarsa ita ce bai san gudan da ake so ya narkar da wanda ke toshe wani rauni ba, duka yake narkarwa, a binciken farko na 1995 kusan mutum 6 cikin 100 sun samu zubar jini mai tsanani a ƙwaƙwalwa. Don haka ba'a yi wa wanda aka yi wa babbar tiyata kwanan nan, ko ya taɓa zubar jini a kai, ko ya bugu a kai, ko jininsa ya riga ya tsinke da maganin tsinka jini na wafarin, kuma sai an sauko da hawan jini ƙasa da 185/110 kafin a fara.

In gudan babba ne allura ba ta cika cin shi ba, sai a zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi a bi da ita har ƙwaƙwalwa a kamo shi a zaro. Wannan ya samu karɓuwa a duniya ne daga 2015 bayan wani bincike a Holan da wasu da suka biyo shi. Gaskiyar magana duka biyun suna da tsada kuma wuraren da ake yi a ƙasashenmu ƙalilan ne, amma abin da ya fi ci min rai shi ne ko inda maganin yake a ajiye yawancin mutanenmu sai sun kwana ɗaya biyu suke isowa.

Ya zan bambance bugun zuciya da olsa? Mijina kullum cewa yake olsarsa ce ta tashi.

Hajiya wannan tambayar taki ta taɓa ni, don "olsa ce" ta binne magidanta da yawa. Na zuciya yawanci ba suka yake yi ba, nauyi ne ko matsewa a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora masa buhun hatsi, yana iya tafiya hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko baya, ga gumi mai sanyi yana karyo masa ko da fanka na kansa, ga tashin zuciya da sarƙewar numfashi, kuma ya wuce minti 15 zuwa 20 bai lafa ba ko ya sha maganin olsar. Masu ciwon suga da tsofaffi da mata kuma wani lokacin ƙirjin ma ba ya ciwo, sai dai gajiya ta ban mamaki da haki da ciwon saman ciki.

In ya haura shekara 40, ko yana da hawan jini, suga, ko yana shan taba, kar ki tsaya gardama da shi, ki ba shi asfirin yadda na faɗa a sama, kar ya tuƙa mota da kansa, a kai shi inda ake gwajin ECG mai duba bugun zuciya. Gwajin ko minti biyar ba ya ci, kuma ƙa'ida ita ce a yi shi cikin minti 10 da isowa. Akwai kuma gwajin jini na troponin da ke nuna ko naman zuciya ya ji rauni. In ya faɗi ba ya amsawa ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri a ɗora hannu biyu tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har a isa.

To in an tabbatar zuciyar ce, ya ake buɗe ta?

Hanya biyu. Mafi kyau ita ce a zura waya ta wuyan hannu ko matsematsi har jijiyar zuciyar, a hura 'yar balan-balan a buɗe wajen, a bar wata 'yar raga ta ƙarfe a ciki ta tokare shi. Wani likita Bajamushe, Andreas Gruentzig, shi ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurich a 1977. Amma in kafin a kai ga inda ake yin wannan za'a haura awa biyu, to gara a yi allurar narkarwa a inda ake, kuma a nan streptokinase ita ce mai sauƙin kuɗi, ana sa ta a ƙarin ruwa ta shiga cikin awa ɗaya. Wanda aka taɓa yi wa ita ya faɗa wa likita, don jiki yana gane ta, karo na biyu ba ta aiki yadda ya kamata kuma tana iya tayar da bori.

Ƙafar mahaifiyata ta ɗau ciwo lokaci guda, ta yi sanyi, ta ce kamar ba tata ba. Mu gasa mata da ruwan zafi?

Kar ku gasa, dan girman Allah. Wannan ita ce toshewar da aka fi yi wa sakaci saboda mutum yana magana, yana cikin hankalinsa, sai a ce sanyi ne ya shige ta ko amosani, a kawo man zafi da tausa. Ku taɓa ƙafafun biyu ku gwada, in ɗaya ta fi ɗaya sanyi sosai, tafin ƙafar da farcen sun koɗe sun yi fari ko toka-toka (a baƙar fata tafin ƙafa da ƙarƙashin farce ake dubawa), ba'a jin harbawar jijiya a bayan ƙafar, ga ciwo mai sa kuka, to jijiya ce ta toshe har sai likita ya ce ba ita ba ce. In ta kai ga ta daina jin taɓi ko ba ta iya motsa yatsun, lokaci ya ƙure sosai, a daren za'a tafi ba gobe da safe ba.

Zafi yana sa naman ya ƙara neman jinin da babu, ya mutu da sauri, kuma tunda ba ta ji sosai za ta ƙone ba ta sani ba. Kar a ɗaga ƙafar kan filo kamar yadda ake yi wa kumburi, a bar ta a miƙe ko ta ɗan yi ƙasa, a rufa mata zane mara nauyi, kar a ɗaure, kar a tausa, kar a yi ƙaho ko tsaga. Kar ta ci komai don wataƙila tiyata za'a shiga.

Me za'a yi mata a asibiti? Yanke ƙafar za su yi?

Ba lallai ba, kuma tsoron yankewar nan shi ke sa mutane su ƙi zuwa har sai yankewar ta zama dole. Da farko za'a ba ta maganin ciwo mai ƙarfi da allurar hefarin, ita hefarin ba ta narkar da gudan amma tana hana shi ƙaruwa ya toshe ƙananan hanyoyin da suka rage. Za'a ɗora 'yar na'urar Doppler a saurari jini, in da hali a yi hoton jijiyoyin. In gudan daga zuciya ya taso sai a ɗan tsaga matsematsi, sau da yawa ma kashe wajen kawai ake yi ba sai an sa ta barci ba, a zura siririn tiyo mai balan-balan a baki ya wuce gudan, a hura, a jawo, gudan ya fito dogo kamar tana. Thomas Fogarty ne ya ƙirƙiro tiyon nan a Amurka a farkon shekarun 1960 kuma har yau da shi ake aiki. In kuma tsohuwar jijiya ce da ta riga ta ƙuntace, kamar ta mai suga ko mashayin taba, sai a ɗiga maganin narkarwa kai tsaye cikin gudan ko a yi wa jinin sabuwar hanya ta kewaye wajen.

Wani abu da ke tayar wa 'yan'uwa hankali, bayan an ce jini ya dawo sai su ga an tsaga ƙaurin ƙafar gefe da gefe an bar shi a buɗe. Ba kuskure aka yi ba. Tsokar da ta sha yunwar jini in ya dawo kumbura take yi cikin kubenta har ta sake matse hanyar, tsagawar ce ke ba ta wuri. Kuma dattin da mataccen nama ya tara yana kwarara cikin jini ya bugi ƙoda da zuciya, shi ya sa zaka ga muna ta leƙa fitsarinta, in ya koma kalar baƙin shayi mun san akwai aiki.

Inda ƙafar ta riga ta sandare, fatar ta yi dabbare-dabbare baƙi, tsokar ta yi tauri kamar itace, a nan buɗe jijiyar kashe mai ita zai yi. In likita ya ce a yanke a irin wannan halin ranta yake nema ya tsirar, kuma duk kwanan da aka ƙara ana shawara a gida yankan sama yake ƙara hawa.

Daga ina gudan jinin yake fitowa? Ƙanwata shekararta 24 kuma wata biyu da haihuwa.

Wajen tsofaffi yawanci kitse ne ya daɗe yana taruwa a bangon jijiya, ranar da ya tsage sai jini ya daskare a kai. Amma wajen matasa a fara zargin zuciya. In zuciya ba ta matsa jini da kyau, ko bugunta ya rikice ba tsari, jini yana kwantawa a lungunanta ya yi guda, wata rana ya ɓalle ya bi hanya, inda ya maƙale nan ne masifar, ko kai ko ƙafa ko hanji.

Abu biyu ne suka fi jawo wannan a cikin matasanmu. Na farko ciwon maƙogwaro na yarinta da ba'a yi masa maganin kirki ba, ya koma ya lalata ƙofofin zuciya a hankali. Na biyu raunin zuciya na masu jego, wanda arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suke rubutu a kansa. Mai jegon da ke haki, ƙafa na kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, tana tari da dare, ba gajiyar haihuwa ba ce, a kai ta a yi mata hoton zuciya, kuma a dakata da kunun kanwa don kanwa gishiri ce, ruwa take tara mata a jiki.

Yarona mai sikila ya tashi hannunsa ɗaya ba ya aiki, shi ma haka ake yi masa?

Gaggawar ɗaya ce amma maganin daban. Yaro mai sikila babban maganinsa ƙarin jini ne da wuri, in da hali musanya ake yi, a ɗebi nasa a sa lafiyayye har jinin sikilar ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100. Ku tafi da 'yan'uwan da za su iya ba da jini tun a tafiyar farko. Kuma iyayen masu sikila ku nemi gwajin TCD da ake ɗora wa yaro a gefen kai, daga shekara 2 zuwa 16, yana nuna wanda ke cikin haɗari tun abin bai faru ba. Binciken da aka yi a Kano ya nuna maganin hydroxyurea yana kare irin waɗannan yaran.

Abin ya zo masa minti goma ya tafi, yanzu garau yake. Sai mun je asibiti?

Ku je yau. Gudan ne ya toshe ya wuce da kansa, kuma babban yakan biyo baya ne cikin kwanakin farko, musamman kwana biyun farko. Haka in ido ɗaya ya rufe ɗif ba ciwo kamar an saki labule, ko ya dawo ko bai dawo ba, jijiyar ido ce kuma hukuncinta ɗaya da shanyewar jiki, ba maganar ɗigon ido ko tozali ba ce. Sai ta hanji, dattijo mai ciwon zuciya ya kama ciki yana murƙususu amma in ka danna cikin laushi ne ba wani tauri, wani lokacin da gudawa mai jini, wannan tiyata yake nema cikin awanni.

Mutanen gida sun ce shafar aljanu ce ko jifa, a fara ruƙiyya. Wasu sun ce a tsira masa allura a yatsu jini ya fita.

Ni musulmi ne, ban taɓa hana kowa addu'a a kan mara lafiyarsa ba kuma ba zan hana ba. Abin da nake roƙo shi ne a yi ta cikin mota, malam ya shiga gaba ko ya yi ta waya, a ci gaba a bakin gadon asibiti, ba mai korar ku. Neman magani ai umarni ne a addininmu. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ɗura masa rubutu ko man zaitun ko habbatussauda a baki, na faɗi dalili a amsar babanmu da bakinsa ya karkace, da kuma turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki.

Maganar tsira allura a yatsu ko kunne da ke yawo a WhatsApp ƙarya ce tsagwaronta, ɗigon jini a yatsa ba abin da zai yi wa gudan da ke cikin kai. Haka saƙon da ke cewa mai bugun zuciya ya yi ta tari da ƙarfi zai warke. In an turo maka kar ka tura gaba.

Mai kemis ya auna ya ga jininsa ya hau 200, ya ce a sa masa ƙwaya ƙarƙashin harshe ya sauka. Daidai ne?

Ba daidai ba ne. In jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe jiki da kansa yake ɗaga jinin don ya tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa wajen da ke yunwa, in ka faɗo da shi lokaci guda ka yanke wa wajen ɗan abin da yake samu, shanyewar ta ƙaru. A asibiti ma in ba allurar narkarwa za'a yi ba mukan ƙyale shi har wajen 220/120 a ranar farko, in za'a sauke kuma a hankali ake yi ana aunawa. In fashewa ce lissafin ya canza, kaga nan ma sai hoto ya yi magana.

Mu a ƙauye muke, babban asibiti tafiyar awa huɗu ce. Mu tsaya ƙaramin asibitin garinmu ko mu wuce?

In yana kan hanya ku tsaya na ɗan lokaci, a gwada suga, a auna jini, a sa masa hanyar ruwa a hannu, in akwai iskar oksijin kuma yana buƙata a sa, a rubuta muku takardar turawa da lokacin da abin ya fara a jiki, ku wuce. Abin da ba na so shi ne a kwantar da shi ana ƙarin ruwa leda bayan leda ana "bari mu gani zuwa gobe". Ku tambayi ma'aikacin cikin ladabi, "malam, akwai abin da za'a yi masa a nan da ya wuce wannan?", mafi yawansu za su gaya muku gaskiya. Kuma tun yanzu da kowa ke lafiya, gidan da ke da tsoho mai hawan jini ko mai ciwon zuciya ya kamata a san motar wa za'a tasa da dare, a kuma ajiye ɗan abin da za'a fara biya da shi, domin awannin da ake ɓatawa wajen haɗa kuɗi sun fi na hanya yawa.

An sallamo mu da magungunan tsinka jini, har yaushe za'a sha, kuma ya batun azumi?

Wanda aka sa wa ragar ƙarfe a zuciya yawanci asfirin da clopidogrel yake haɗawa har kusan shekara guda, in ya tsayar da kansa ragar na iya toshewa lokaci guda, ko cire haƙori za'a yi sai an tambayi likitan zuciyar. Mai wafarin kuma sai da gwajin INR mai auna tsinkewar jini a kai a kai, galibi ana so ya zauna tsakanin 2 da 3, kuma ganye irin zogale da alayyahu suna rage masa ƙarfi, ba'a ce a daina ci ba amma kar a yi sati ba'a ci ba sannan a wayi gari ana cin kwano guda kullum. A guji diclofenac da ibuprofen da haɗin kemis na ciwon jiki da jiƙe-jiƙen da ba'a san me ke ciki ba. Macen da ke shan wafarin in tana son ɗaukar ciki ko ta ga ɓatan wata ta gaya wa likita da wuri don yana taɓa jariri, akwai allurar da ake canza mata. In aka ga baƙin bayan gida, jini a fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani, a dawo imajansi a ranar.

Azumi kuma, wanda abin bai daɗe da samunsa ba likitoci kan ce ya dakata tukuna, kuma shari'a ta ba mara lafiya wannan sauƙin. Wanda ya daɗe da warwarewa kuma maganinsa sau ɗaya ne a rana, sau da yawa ana iya mayar da shi lokacin buɗa baki, amma a je a zauna da likita tun cikin Sha'aban a tsara, mai wafarin kuma a ƙara masa gwajin INR ɗaya a cikin watan tunda cimarsa za ta canza.